Uwar Miji a Farin Ƙyalle: Tarihin Dariya da Rikicin Gida, daga Rum zuwa Bakin Tafkin Kainji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gaban farin ƙyallen majigi, ko a kan bencin gidan silima, ko kuwa a gaban akwatin talabijin, ya san wata tsohuwa wadda ba ta ɓacewa daga wasannin ban dariya. Ita ce mai leƙa tukunyar amarya, mai ƙirga tsokar nama, mai kiran ɗanta gefe da zarar ya dawo daga aiki domin ta kai masa ƙarar matarsa. 'Yan kallo sukan yi mata dariya, su yi mata tsaki, sa'an nan su koma gida su durƙusa su gaishe ta. Manufar wannan lacca ita ce bin sawun wannan tsohuwa a cikin tarihi, a ga inda ta fito, da dalilin da ya sa kamanninta suke sakewa daga wata ƙasa zuwa wata, da kuma abin da dariyar da ake yi mata take ɓoyewa. Za a ɗauki garin Warra da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji a matsayin madubi, domin a can ne hukuma ta taɓa sake tsarin gidajen dubban mutane cikin 'yan shekaru kaɗan, watau ta taɓa ainihin wurin da wannan rikici yake kwana.

Tsohon Zargi

Wasan uwar miji ya girmi silima da shekaru fiye da dubu biyu. A shekara ta 165 kafin haihuwar Annabi Isa, wani marubuci mai suna Terens, wanda aka haifa a Kartaj ta Afirka ta Arewa aka kai shi birnin Rum yana bawa, ya shirya wasan ban dariya mai suna Hekira, ma'anarsa suruka. Wasan bai yi sa'a ba da farko, domin 'yan kallo sun watse sun tafi kallon 'yan dambe da mai tafiya a kan igiya, sai a shekara ta 160 aka samu aka yi shi har ƙarshe.

Labarin kuwa shi ne, wata amarya ta bar gidan mijinta ta koma gidan iyayenta alhali mijin yana tafiya. Nan take uban mijin ya ɗora laifin a kan matarsa Sostrata, ya ce ita ce ta kori yarinyar da mugun hali, kamar yadda a ganinsa dukkan iyayen miji suke yi. A ƙarshe sai ta bayyana cewa tsohuwar ba ta da laifin kome, har ma ta yi niyyar ƙaura zuwa ƙauye don ta bar wa yaran gida. Asalin ɓarnar tana wuyan ɗan nata ne. Ke nan, ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin da aka sani a kan wannan batu wanke uwar miji ya yi, ya kuma nuna yadda namiji yakan sami sauƙin jingina mata abin da shi ya shuka. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Alƙahira da Bombai

A ƙarni na ashirin, ƙasar da ta fi kowace juya wannan labari a fim cikin ƙasashen Musulmi ita ce Masar. A can aka yi wata 'yar wasa mai suna Mari Munib, wadda ta rayu daga 1905 zuwa 1969, ta kuma shahara da fitowa a matsayin suruka har sunanta ya zama kamar lakabin halin. A 1951 Hilmi Rafla ya shirya fim da ita da ɗan wasan barkwanci Isma'il Yasin, aka sa masa suna Hamati Ƙunbula Zarriyya, watau surukata bom ce ta nukiliya. Shekara shida ke nan kacal bayan an jefa irin wannan bom a Hiroshima. A 1953 ya sake shirya Alhamawatul Fatinat, inda uwar miji da uwar mata suka haɗu a gidan 'ya'yansu, kowace tana neman a bi nata tsarin a kan gida da jika.

Abin lura a nan shi ne irin gidan da waɗannan fina-finai suke nunawa. Gida ne na ma'aikacin birni, shi da matarsa kaɗai a ɗakunan bene, sai suruka ta shigo daga waje da akwatinta. Saboda haka sau da yawa uwar mata ce abin dariya, mijin kuwa shi ne abin tausayi. A Indiya lamarin ya juya. Can amarya ce take tarewa a babban gida inda uwar miji take riƙe da makullai, don haka muguwar tsohuwar fim ɗin Indiya uwar miji ce. Lalita Pawar ta yi suna da irin wannan fitowa, kamar a fim ɗin Sau Din Saas Ke na 1980, ma'anarsa kwana ɗari na uwar miji.

Tun daga shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya Arewacin Nijeriya, suka kuwa karɓu ƙwarai, alhali na Larabawa ba su sami irin wannan karɓuwa ba, duk da haɗin addini. Dalilai suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu ba ya rasa nasaba da tsarin gida. Bahaushe ya ga gidansu a cikin gidan Ba'indiye: auren da iyaye suka ƙulla, da amarya a hannun dangin miji, da ɗa mai jin nauyin uwarsa.

Kunya da Gandu

Domin a gane dalilin haka, wajibi ne a dubi yadda Hausawa suka raba dangantaka gida biyu, ta wasa da ta kunya. Akwai waɗanda al'ada ta halatta wa mutum ya tsokane su: kakanni da jikoki, da taubasai, da ƙanin miji da matar wa, har ma da ƙabilu, kamar Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa. Akwai kuma waɗanda ta wajabta masa jin nauyinsu, kan gaba cikinsu su ne surukai. Namiji yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa in zai gai da uwar matarsa, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya kama sunanta. Wani masanin zaman jama'a ɗan Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi bayani a 1940 cewa wasa da kunya hanyoyi biyu ne na maganin matsala guda, watau yadda mutanen da aure ya haɗa, jini bai haɗa su ba, za su zauna ba tare da faɗa ba.

Kunya takan yi aiki sosai in akwai tazara. Tsakanin namiji da uwar matarsa akwai ta, domin ba gida ɗaya suke ba, kuma ganinsu da juna sai da dalili. Shi ya sa irin surukar Mari Munib, mai shiga ɗakin mijin 'yarta tana zazzaga masa faɗa, ba ta da gurbi a wasan Hausa na gargajiya. Tsakanin amarya da uwar miji kuwa kunyar tana nan, amma tazarar babu. Rijiya ɗaya, turmi ɗaya, sau da yawa murhu ɗaya. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Tushen wannan zama shi ne gandu. M. G. Smith ya bayyana shi a bincikensa na ƙasar Zazzau wanda aka buga a 1955, Polly Hill kuma ta sake nazarinsa a Batagarawa ta ƙasar Katsina a littafinta na 1972. A tsarin gandu, 'ya'ya maza ko sun yi aure suna noma gonar uba, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya ba kowa gayauna. Hatsi yana rumbun maigida, kuma yawanci uwargidansa ce take da ta cewa a kan awo da rabon tuwo. Ikon uwar miji bai tsaya ga girman shekaru ba, iko ne a kan abinci. Muddin gandu yana tsaye, kowa ya san matsayinsa, amarya ta san cewa in ta yi haƙuri wata rana ita ma za ta riƙe ludayin. Ya kamata a lura kuma cewa a tatsuniyoyi, wadda ta fi fitowa a matsayin muguwa ita ce kishiyar uwa. Uwar miji ba ta yi fice a wannan matsayi ba sai a wasannin zamani.

Abin da ya fito da ita fili shi ne sassautowar gandu. Da kuɗin gyaɗa da na auduga suka shigo, da aikin albashi a En'e da gwamnati da reluwe, sai ɗa ya sami abin hannunsa wanda bai bi ta rumbun uba ba. Daga nan tambaya ta taso wadda ba ta da tsohuwar amsa: albashin nan, wa ya fi haƙƙi a kansa, wadda ta haifa ko wadda aka aura? Addini ya wajabta wa ɗa kyautata wa uwa, ya kuma wajabta masa ciyar da mata da ba ta wurin zama, har malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa, bisa wasu sharuɗɗa, mace tana iya ƙin a haɗa ta zama da dangin miji. Ɗan da kuɗinsa bai isa ya sauke haƙƙoƙin biyu ba, shi ne ainihin wanda ake wasan a kansa, ko da yake tsohuwar ce take shan dariya. Marubutan wasan kwaikwayo na farko sun hango cewa gidan aure ya zama fagen da zamani yake kokawa da al'ada, kamar yadda ake gani a Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada wanda ya fito a 1968.

Majigi da Darasin Mama

Gidajen silima a manyan birane suke. Kano ta sami Rex a 1937, da Palace a farkon shekarun 1950. Mutanen karkara kuwa majigi suka sani, watau motar gwamnati mai ɗauke da inji da farin ƙyalle, wadda takan sauka a ƙofar fadar hakimi, a taru bayan sallar lisha, wani ma'aikaci yana bayani da lasifika. Wanda ya assasa wannan hanya a Nijeriya wani jami'in kiwon lafiya ne Bature mai suna William Sellers, wanda aka ba shugabancin hukumar shirya fina-finai ta ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a London a 1939. Salon da hukumar ta fi so shi ne a nuna mutum biyu, mai wayo da wawa: ɗaya ya bi shawarar hukuma ya ci riba, ɗayan ya ƙi ya sha wuya, jama'a su yi masa dariya.

Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan salo. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman zamani, ya zauna a zukatan mutane shekaru masu yawa. A 1963 kuma Alhaji Adamu Halilu, wanda daga baya ya shirya Shaihu Umar a 1976, ya yi wa gwamnati fim mai suna Mama Learns a Lesson, watau Mama ta ɗauki darasi. Sunan kaɗai ya isa ya nuna wanda aka zaunar a kujerar mai koyo. Salon mai wayo da wawa dole ya sami wawa, kuma idan batun na cikin gida ne, kamar ciki da haihuwa da reno, to mafi sauƙin wadda za a ba wannan kujera ita ce tsohuwar gida. Ta haka uwar miji ta sami aiki na biyu a farin ƙyalle. Bayan ta zama mai hana amarya sakat, sai kuma ta zama alamar duhun kai wadda asibiti da makaranta za su kayar.

Ba za a ce babu gaskiya ko kaɗan a zargin ba. A shekarun 1970, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin wani ciwon zuciya da yake kama masu jego a kewayen Zariya, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa mai yawa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, musamman da bazara. Masu kula da wankan jego kuwa tsofaffi ne, ko uwar mai jego idan ta je gida haihuwar fari, ko uwar miji da ungozoma. Amma wannan hujja ita ce kuma take nuna kuskuren salon. Idan tsohuwa ce take yanke shawarar abin da mai jego za ta sha da ranar da za a kai ta asibiti, to ita ce ya kamata a jawo a jiki. Wanda aka yi wa dariya a bainar jama'a a ƙofar fada ba ya komawa gida ya bi umarnin masu dariyar. A ƙasar Senegal, wani bincike da Judi Aubel da abokan aikinta suka buga a 2004 ya nuna cewa da aka sa kakanni mata cikin shirin koyar da abincin masu ciki da jarirai, su da kansu suka zama masu yaɗa sabuwar koyarwar.

Warra da Sabon Zama

Ƙasar Yawuri ta tara al'ummu masu tsarin aure iri iri. Akwai Hausawa da Sarkawa masunta, akwai Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, mazauna tsibiran Kwara da suka shahara da noman albasa, akwai Kambari da Lopawa da Shangawa da Dukawa. A wurin Dukawa da maƙwabtansu Dakarkari na ƙasar Zuru, al'ada ce saurayi ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru, galibi bakwai, kafin a ba shi ita. Wannan shi ne gormu ko golmo. A irin wannan tsari nauyin surukuta a kan namiji yake fara sauka, kuma a gonar uban mata. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa surukin da ake jin tsoro a kowace al'umma shi ne wanda gona da rumbu suke hannunsa.

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Tafkin da ya taru ya wuce kilomita 130 a tsawo, ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu masu yawa, aka kuma ta da mutane kimanin 44,000 daga mazauninsu. Warra, wadda ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi ta yanzu, tana cikin yankin da wannan sabon zama ya shafa. Da farko an gwada biyan diyya da kuɗi don mutane su gina da kansu, daga baya hukuma ta koma gina musu gidaje. Wani mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara su, aka yi su da bulon siminti da rufin asbestos.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan abin da ya sami noma da su da kasuwanci bayan tashin, kamar littafin Oyedipe na 1983 da na Wolf Roder na 1994. Abin da ya shafi wannan lacca shi ne bango. Gidan ƙasa abu ne mai rai. In ɗa ya yi aure a gina masa ɗaki a gefe, in an ga fuskoki sun fara sauyawa a ja danga a raba tsakar gida, in abin ya ci tura a fasa masa ƙofa ta daban, ya kafa murhunsa. Da yawa daga rikicin uwar miji da matar ɗa da laka da zana ake kashe shi, tun bai kai gaban alƙali ba. Gidan siminti kuwa, wanda aka ƙirga ɗakunansa bisa yawan mutanen gida a ranar da ma'aikaci ya zo da takarda, ba ya girma tare da iyali. Yaron da aka rubuta yana ɗan shekara goma sha biyu, bayan 'yan shekaru ango ne, kuma ba a zana wa amaryarsa wuri ba. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka riƙa ƙara ɗakunan ƙasa da na ciyawa a jikin ginin hukuma.

Daɗin daɗawa, ikon tsohuwa ya dogara ga sanin wuri: wace fadama ce take ba da albasa, wane ganye ake dafa wa mai jego kuma a ina yake fitowa, wane gida ne ake neman aure a cikinsa. Ruwa ya rufe da yawa daga wuraren da wannan sani yake a kansu. Tsohuwar da ta rasa gonar da take taƙama da ita da tsibirin da ta sani kamar tafin hannunta, abin da ya rage mata na mulki shi ne ɗanta da tukunyar matarsa. Mai kallo daga waje zai ce shisshigi ne. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Zamanin Bidiyo

Da fina-finan bidiyo na Hausa suka kunno kai da Turmin Danya a Kano a 1990, sai kallo ya bar ƙofar fada ya shiga tsakar gida, inda uwar miji da matar ɗa suke zaune a tabarma ɗaya. Masu shirya fim sun haɗa gadon Indiya da na majigi da na wasannin talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato, suka fitar da Hajiya mai gwala-gwalai wadda take zaɓa wa ɗanta mata, ta kuma umarce shi da saki. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu a watan Afrilu na 2024, tana cikin waɗanda suka ƙware wajen fitowa a matsayin mace mai zafin hali, har wasu 'yan kallo suka kasa raba ta da halin da take kwaikwaya. Gidan ya sake, daga gandu zuwa bene mai falo, amma tambayar tana nan yadda take tun zamanin albashin farko.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da abubuwa biyu. Na farko ya shafi ɗalibin adabi: idan ya ga wani hali yana yawan maimaituwa a wasa, kada ya tsaya ga cewa haka mutane suke, ya tambayi wane tsarin gida da wace hanyar samun abinci suka haifar da shi, ya kuma tambayi wa ya tsira daga zargi saboda an sami wadda za a yi wa dariya. A wasan Terens ɗan ne ya tsira, a fim ɗin ma'aikaci kuwa ƙarancin albashi da ƙuncin gida.

Na biyu ya shafi ma'aikacin gwamnati, wanda zai zana rukunin gidaje, ko ya ta da ƙauye saboda madatsa ko hanya, ko ya shirya gangamin rigakafi da awon ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana ratsa tsakanin uwar miji da matar ɗanta, ko an rubuta haka a fayil ko ba a rubuta ba. Gidan da za a gina a bar masa filin da zai girma, a kuma bar wurin murhu na biyu. Saƙon da za a kai ƙauye a fara kai shi ɗakin tsohuwa, da sallama da girmamawa, kafin a ɗaura farin ƙyalle a ƙofar fada. Amaryar da take kuka da uwar miji a Warra a shekarar da aka rufe madatsar Kainji, in Allah ya ja kwananta, ta daɗe da zama uwar miji ita ma, kuma ita ce za a tarar a tsakar gida ranar da ma'aikaci zai yi sallama.